Dodon Farin Sa

Ban shiga aji ba sai da na aurar da 'ya'yana. Makarantar manya na yi, ina bin baƙi da yatsa da furfurata. Wankin hoto kuwa na iya shi tun kafin in iya rubuta sunana, don maigidana mai hoto ne, kuma a ƙuryar ɗakina yake wanki. Da ya rasu, kamararsa da farantan wankin su ne rabona.

Bayan an ba mu jiha, aka ɗauke ni a wata sakandaren 'yan mata a Dutse in koyar da sana'ar hannu. Saƙa da ɗinki suke nufi. Na ce ban iya ba, hoto na iya. Aka ba ni wani tsohon sito a bayan kicin. Na toshe tagar da bargo, na shafa wa ƙwan lantarki jan fenti, na fara.

Malaman makarantar ba su taɓa zagina ba. Ina shiga ɗakin malamai dai sai hira ta koma Turanci. Na daina shiga. A ƙofar sito nake cin ɗanwakena, in an tashi in hau acaɓa zuwa ɗakin da nake haya a Yalwawa, ba mai tambayata yaya aiki.

Baƙi-da-fari nake koya wa yaran. Nakan ce, ki dubi inda haske ya sauka kafin ki danna, fim ba ya maimaituwa. In an wanke fim, abin da yake fitowa da farko shi muke kira dodo, domin komai a juye yake: fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Yarinya ta ɗaga nata ta ga haƙoranta kamar gawayi, su yi ta dariya. Har suka sa mini suna Malama mai dodo. Ina so, don su kaɗai ke kirana da wani abu.

A shekarun da aka kawo shari'a kowa ya shiga bincikar abin da 'yarsa ke koyo, kuma ban ga laifinsu ba. Akwai wata ɗalibata daga wata ruga wajen Taura, mai idon ɗaukar hoto, na ara mata kamara ta tafi hutu da ita. Hutu na gaba ta ba ƙannenta labari: Malama tana rufe mu a ɗaki mai duhu da jar wuta, mu tsoma takarda a ruwan magani, mutum ya bayyana, kuma kowacce da dodonta. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ubanta ya ji, ya yo Dutse.

A ofishin shugabar makaranta na same shi, dattijo, sandarsa a jingine. Shugaba ta ce, "Malama, Alhaji yana so a rufe ɗakin nan. Ya ce tsafi ake."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni da na haddace Yasin kafin in san ABCD?"

Na sa yarinyar ta ɗauko fim ɗinta. Ya ɗaga shi wajen taga, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ƙahon nan na farin sana ne. Amma ni ba ni da baƙin sa. Me kika yi masa?"

"Alhaji, taso mu shiga ɗakin in nuna maka da idonka."

"Ni da ke? A duhu?" Ya dubi shugaba. "A bar ƙofa a buɗe."

"In an buɗe, takardar ta ƙone. Haske ne ke kashe ta."

"To kin ji," in ji shi. "Abin da ba ya son haske."

Raina ya ɓaci, amma a wannan yana da gaskiya, bai kamata in keɓe da shi ba. Na ce da yarinyar, "Shiga ke kaɗai, kin iya." Muka tsaya a rana a ƙofar sito, ni da shi.

Ta fito da takarda tana ɗiga ruwa. "Baffa, ga shi." Farin sa ne fat, tozo a tsaye, har tabon da ke kunnensa ya fito. Dattijon ya karɓa da hannu biyu. Ya shafa wuyan san da yatsa, ya ce, "Ya rame a nan, lokacin rani ne." Ya jira ta bushe, ya sa a aljihun gaba, ya ɗauki sandarsa. Na zaci zai koma ofis ya ce a bar mu. Hanyar ƙofar fita ya nufa.

Shugaba ta kira ni kafin a tashi. "Na san babu komai, Malama. Amma iyaye da yawa sun ji, ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya da hoton sa ba." Aka mayar da sito wurin ajiye buhunan gero, ni kuma aka sa ni duba tsabtar ɗakin kwanan ɗalibai. Yaran suka koma ce mini Malama kawai.

Dodon san yana wurina, yarinyar ba ta waiwaye shi ba. Wani lokaci nakan ɗaga shi wajen taga. Ni idona ya saba, ina ɗagawa fari nake ganinsa.