Yayata a Bayan Sitiyari

Yayata tela ce. Shekara talatin tana taka keke a ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu, kuma in ka cire kasuwar yadi, babu inda take zuwa a garin nan. Ko titi za ta tsallaka sai ta jira wani ya fara, ta bi bayansa. Shi ya sa ranar da ta ce min za ta koyi tuƙi, tana da shekara hamsin da biyu, na yi dariya har da riƙe ciki. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta cire zare daga bakinta ta ce, "In kin gama, zo ki taya ni yaye tamfol."

Tamfol ɗin a kan motar mijinta yake. Mijin nan nata kowa Direba yake ce masa, don tun yana saurayi yake jan motar ma'aikatan wani kamfani, ya san garin nan kamar yunwar cikinsa. Ciwon suga ya fara cinye masa ido shekara shida da suka wuce, daga baya ya sauka ƙoda. Likita ya ce wankin ƙoda sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, ƙarfe takwas na safe, a asibitin da ke can ɗaya ƙarshen gari. In ka makara a ba wani injin. 'Yarsu tana aure a wani gari, ɗansu aiki ya kai shi nesa. Mai tasin da suka yi magana da shi sau biyu yana shanya su a ƙofar gida, a na biyun ƙafafun Direba suka kumbura, numfashinsa ya koma sama-sama. Washegari Yaya ta yaye tamfol.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Ƙafar da ta saba da keken ɗinki ba ta san a taka a tsaya ba, sai ta riƙa taka totur tana saki, tana takawa tana saki, mota na zabura kamar akuyar da aka ɗaure. Malamin makarantar tuƙi ya gaji ya ce ta koma ta riƙe almakashinta. Direba ya ji haushi, ya ce shi zai koya mata. A filin wata makaranta suka riƙa yi ranakun da babu karatu, yana gefenta, ya karkatar da kunne wajen inji.

"Tana kuka, sa ta uku. A'a, baiwar Allah, giya ce, ba wuyan riga ba, daina fizga!"

Na ce masa, "Direba, makaho na koya wa matsoraciya, ni kuwa da hankalina na shigo baya. A cikinmu wa ya fi wauta?"

Ya ce, "Ke mana. Mu dole ce ta sa mu."

A gwaji na biyu ta samu lasin. Daga nan muka zama mu uku duk Litinin da Alhamis: ita a sitiyari, shi a gefe yana faɗa mata hanya, ni a baya don in taya ta riƙe shi in an gama wankin, saboda jiri yake fitowa da shi.

Matsalar ita ce garin da ke kan Direba ya tsufa da shekara shida. Gidan man da yake cewa a karya kwana a gabansa an rushe shi, an gina bene. Babban shataletalen da yake alfahari da iya shigarsa babu shi, gadar sama aka kafa a wurin. Yaya ta san duk wannan, don kafin ta fara kai shi sai da ta yi ta bin hanyar a bas, tana zana ta a bayan littafin awonta. Amma in ya ce, "Gidan mai na nan hannun dama, karya," sai ta ce, "To, Malam," ta ɗan ƙara gaba ta karya a layin da ta sani. Gadar kuwa ba ta taɓa hawa ba, ta ƙarƙashi take bi, ta zagaya yadda zai ji kamar shataletalensa ne. In ya ji tafiyar ta yi tsawo sai ya ce ta cika jan ƙafa, ita kuma ta ba shi haƙuri.

Abin yana ci min rai. Na same ta a ɗakin ɗinki na ce, "Yaya, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ki faɗa masa."

Ba ta ɗago daga keken ba ta ce, "Ido ya tafi, ƙoda ta tafi. Garin nan kaɗai ya rage masa a hannu. Ni ce zan ƙwace?"

Haka muka yi wata bakwai, ba mu makara ko sau ɗaya ba.

Wata Litinin tanka ta mutu a ƙarƙashin gada, cunkoso ya haɗe, bakwai da rabi muna wuri ɗaya. Direba ya gyara zama, fuskarsa ta washe. Ya ce akwai yanke ta bayan gidan waya, shi ya san ta tun kafin a zuba mata kwalta. "Karya dama yanzu-yanzu!" Hanyar ba ta cikin littafin Yaya. Ta kalle ni ta madubi, ta kalli agogo, ta karya.

Ashe titin ya daɗe da zama hannu ɗaya, mu kuwa muka shigo shi ta inda ake fitowa. Motoci suka taso mana gaba da gaba, hon ta ko'ina. Wani mai bas ya leƙo ya ce, "Baba, tsakar gidanki ce?" Jami'in hanya ya zo ya buga gilashi. Tun kafin Yaya ta buɗe baki Direba ya karɓe zancen, ya ce ya fi shekarun yaron nan yana bin titin nan, daga gidan mai ka zagayo shataletale ka faɗo bayan gidan waya, waye zai koya masa?

Jami'in bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Cikin ladabi ya ce, "Baba, wane shataletale? Ai gada ce a wurin, shekara huɗu ke nan. Gidan mai ma babu." Da ya ga katin asibiti sai ya tare mana motoci, Yaya ta yi ribas. Mun rasa injin safe, sai da la'asar aka samar masa wani.

Ranar Alhamis na iso shida da rabi na tarar da shi kwance, ya juya wa ƙofa baya. Ya ce ba ya zuwa. Wata bakwai ana ce masa to kamar yaro, ya ce, gara a bar shi ya huta, kowa ma ya huta. Na yi masa faɗa, na yi magiya, har na ce zan kira 'yarsa. Ko motsi bai yi ba. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga yadda jikinsa ya yi wancan karon da ya tsallake wanki ɗaya.

Yaya ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauki makulli ta fita. Motar a ƙarƙashin tagarsa take. Ta tayar da ita, ta kama giya ta tura ba tare da ta taka kuloci ba. Ƙarar da ta fito har haƙorana na ji ta. Ta sake. Ta kuma sakewa. A na huɗu sai ga Direba yana laluben bango, hula a karkace.

"Wa ke kashe min mota?"

"Ni ce, Malam. Kuma haka zan ja ta har asibiti, in ce musu ka ƙi zuwa."

Ya tsaya yana huci. Can ya lalubi murfin ƙofa ya shiga ya zauna, ya ce in ta ƙara taɓa giyar nan babu kuloci bai yafe ba.

A hanya bai faɗi kwana ko ɗaya ba. Ita ce ta fara magana, a hankali, idonta a kan titi. Nan bene ne mai hawa biyar. Nan an sa danja. Nan mai gyaran tayar da ka sani yana nan, ya yi furfura. Da muka kusa gada, ƙarƙashinta a cushe, takwas saura kwata. Ta ce, "Malam, gadar ce a gabanmu. Ban taɓa hawanta ba, kuma wallahi tsoro nake ji."

Ya ce, "Koma giya ta biyu. Kar ki kalli gefe."

Muka kama hawa. A tsakiyar hawan motar gabanmu ta tsaya cak, tamu ta fara zamewa baya, na bayanmu ya kwanta a kan hon. Ni dai salati nake.

"Ja birkin hannu," in ji Direba, muryarsa ko rawa babu. "Rabu da shi, ya yi ta hon. Ba ta totur kaɗan. Saki kuloci a hankali har ki ji ta ɗaga kai. Yawwa. Yanzu sauke birkin."

Motar ta haye. Takwas saura biyar muka shiga asibiti, rigar Yaya ta jiƙe sharkaf da gumi. Ta kashe mota, amma Direba bai buɗe ƙofa ba.

"Gidan man nan, yaushe aka rushe shi?"

"Tun kafin in fara tuƙi."

"Kuma kullum sai ki ce min to."

"Kullum, Malam."

Ya daɗe yana shafa gaban motar da tafin hannunsa. Ni a baya hawaye ya riga ya zubo min, ban ma tsaya sharewa ba.

"Gobe in kin tashi daga ɗinki," ya ce, "ki zagaya da ni. Ki nuna min garin."