Abin da Jinin Kawu Zakara Ya Faɗa

Kawu Zakara ake ce masa a gonar kaji, don yakan riga zakarun tashi. A can ya yi furfura yana kwasar ƙwai da sharar kashin kaji. In kaza ta yi laƙwas, tun daga bakin ƙofa yake gane ta. Abin tinƙahonsa ɗaya ne, wai ciwo bai taɓa kayar da shi ba.

Bara murar tsuntsaye ta faɗa wa gonar. Shi ya haƙa rami, shi ya kwashe matattun kajin da hannunsa, yana share hawaye da gefen riga. Bayan wasu watanni ma'aikatan lafiya suka zo ɗibar jinin masu aikin gonar. Kawu ya miƙa hannu yana kau da kai.

"'Yata, a hankali," ya ce wa nas ɗin. "Jinin tsoho ba yawa gare shi ba."

Ranar da ta dawo da sakamako, ta ja shi gefe.

"Kawu, ashe ka taɓa kamuwa da murar nan."

"Ni? Yaushe aka yi haka ban sani ba?"

"In jiki ya yi faɗa da cuta, yakan bar sojoji a jini masu gane ta. Mun gan su a naka. Ita cutar ta wuce, sawunta ne ya rage."

Da ya ba matarsa labari a gida, ta ajiye tsintsiya ta riƙe haɓa.

"Ai na faɗa maka, Malam! Idonka ya yi jajir, kana rawar ɗari, ka ce gajiya ce."

Ya fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Ya tuna matar ce ke wanke masa kayan aiki. Jikarsu kuwa kullum a cinyarsa take barci. Washegari ya tasa su gaba zuwa asibiti, bai samu natsuwa ba sai da aka ce jininsu babu komai.

Yanzu da safar hannu da takunkumi yake shiga ɗakin kaji, takalman aikin ma a gona yake barinsu. In ya dawo, banɗaki yake wucewa kai tsaye ya yi wanka. Jikar takan tsaya a ƙofa tana bubbugawa.

"Angona, ba ka gama ba?"

"Saura ƙafa ɗaya, amarya. Ki yi haƙuri da tsohon mijinki."