Bencin Masu Juna Biyu

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka koma akurki, a shekarar ne jini ya fara biyo yayana in ya zaga bayan gida. Ƙauyenmu yana kusa da Dogarawa, gidana da nasa darni ɗaya ya raba. Kowa ya ce basir ne. Ya sha sassaƙe, ya sha jiƙo, ni kaina na yi masa rubutu har damina ta faɗi. Jini bai tsaya ba. Mutumin da ke nome gonar hatsi shi kaɗai ya koma ɗaukar damin kara yana gagararsa, tafin hannunsa fari fat.

Majo, mai duba mu a gidan likitan karkara, ya rubuta takarda, ya ce a kai shi Ƙonni a yi masa eko, hoton ciki, kuma ya je bai ci komai ba. Mu kuwa abin da muka sani, eko na mata masu juna biyu ne. Na san yayana: in ya ji sunan, sai dai a kai gawarsa. Sai na ce masa hoton ƙashi ne, irin wanda ake yi wa mai karaya. Allah ya gafarta mini, da alwala a jikina na shirya ƙaryar nan.

Muka isa, aka nuna mana benci. Mata jere, kowace da tulun cikinta, ga yayana dattijo da rawani a tsakiyarsu. Cikinsu har da jikar maƙwabcinmu da ke aure a Malbaza, abokiyar wasan yayana.

"Kaka, kai ma awo ka zo? Wata nawa?"

Benci ya ɗauki dariya. Ya juyo ya dube ni.

"Kai, munahiki! Nan ka kawo ni?"

"Yaya, zauna. Rai ake nema."

"Da wanga wulaƙanci gara kushewa."

Ya miƙe zai fita, jiri ya mayar da shi. A haka muka tallabe shi zuwa ciki, yana zagina.

Likita ya shafa masa wani abu mai sanyi da yauƙi a mara, ya dinga goga kan na'urar yana kallon allo. Ni duhu da hazo kawai na gani. Ya daɗe a gefen hagu. Ya ce bangon babban hanji ya yi kauri a wurin, akwai ƙullutu, basir ba ya haka. Amma iskar ciki tana tare wa eko gani, sai mu wuce Yamai a zura abin leƙawa.

Can aka leƙa, aka yanke guntun hanjin, aka ɗinke. Allah ya tashi kafaɗunsa. Sai dai labari ya riga mu gida. A kasuwa sa'o'insa suna tambayarsa ko an sauka lafiya, mace ce ko namiji. Ya toshe kafar darnin da muke ratsawa da ƙaya. Ya hana iyalinsa karɓar tuwon gidana. In na yi masa sallama, ya amsa don farilla, fuskarsa tana wani waje. Damina biyu muna haka.

Ran nan bayan la'asar, jama'a ba su watse ba, ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Hwaɗa musu. Da sanina na tahi, ko cutata ka yi?"

Ni ne limaminsu, ni nake yi musu wa'azi a kan ƙarya. Na juya wajen jama'a, na ce:

"Ku shaida, ƙarya na yi masa. Da ya sani, da bai taka wurin ba."

Yaya ya dube ni, ya ce:

"Yau ka biya. Amma kada in ji ka ce kai ka ceci raina."

"Ban taɓa cewa ba, Yaya."

Ya miƙo mini butarsa.

"Ciko min."