Ara mini ɗiyarki

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar kakata Dije, ga ni cikin wani buro, ofishin agaji, a Yamai ina buga tebur saboda ita. Abokan aikina sun dawo daga Filinge, inda aka tura su duba ko rumfar yara ta unguwarmu tana bukatar a ci gaba da ba ta kunun safe. Suka ce a'a, a janye. Wai sun ga yara tsaf, ido da kwalli, kowace uwa ta ce Alhamdulillahi.

Na ce, "Kun sanar za ku zo?"

"Mun sanar mana."

To, shi ke nan. A yankinmu na Kurfai in an ce baƙi na tafe, rigar salla ake fiddowa, wadda ba ta da ita ta aro. Yaron da ya rame kuwa, can ƙuryar ɗaki. Uwarsa ba maƙaryaciya ba ce, mutuncinta take karewa. Amma kayan aro ba ya rufe katara.

Kaka ta san haka. An kai ta ɗaki shekarar da muka samu ƴancin kai, kuma babban fari ya iske ta da goyo. Shanu suka ƙare, mata suka bazu daji tsinkar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. A lokacin ta kafa rumfar nan. Ba ta taɓa ce wa wata, "Ɗanki ya ci?" ba. Sai ta kutsa har ɗaki ta ce, "Ke Hajo, ara mini ɗiyarki ta taya ni hira, tsufa ya kama ni." Ita da ko furfura ba ta yi ba! Uwa ta yi dariya ta miƙo, da marece yarinya ta dawo ciki cike. Babu wadda ta roƙa, babu wadda aka ba sadaka.

Ni ma can na sha kunu. "Maigidana na banza," take ce mini, "ba cefane, sai buɗe baki."

Da tana nan, ba za ta zagi abokaina ba, don ba mugaye ba ne. Za ta ce su koma ba sanarwa, su zauna rumfar har rana ta take, su ga wane yaro ke lashe ƙwarya, wane ke ɓoye saura don ƙanensa.

Abin da na faɗa musu ke nan. Na ƙi yarda a janye, ko da kujerata za ta tafi. Shugabanmu ya ce in na isa, in kai su da kaina. Jibi za mu kama hanya.

Kaka ba ta bar mana gona ba, ba ta bar mana saniya ba. Amma har yau matan rumfar suna shiga gida su ce, "Ara mini."

Ku da ke karanta ni, in baƙo ya tsaya ƙofarku da alƙalami ya tambaya ko ɗanku ya ƙoshi, me za ku ce masa?