Goyon Inna a Hanyar Bado

Ni ɗan fari ne, saboda haka na girma ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan randa ta bushe." Haka al'ada take, ban riƙe ta da komai ba. Sai dai ni ma na saba da nisan, har ya yi mini daɗi. Na yi aure, idonta ya rufe, duk ban san in zauna kusa da ita in ji abin da ke bakinta ba. Allah Ya yafe mini.

Inna ba 'yar ƙasarmu ba ce. Daga wani ƙauye na wajen Damari aka auro ta, inda fadama take a ƙofar gida. Mu kuwa mutanen tudu ne, kusa da Ketare, gero da dawa da ɗan auduga. Duk abin da ya tsiro cikin ruwa ciyawa muke ce masa, mu wuce. A wurinta kowace da sunanta. Bayan ta makance takan zauna a inuwar rumbu tana tufka igiya, tana ambaton su ita kaɗai kamar mai tuna dangin da suka yi nisa. Nakan ce wa matata, "Tsohuwa ta fara."

A shekarun nan da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi, aka yi wata damina da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. Kafin bazara ta yi nisa, ko ɓera ya bar rumbunmu. Matata na da jariri namiji, ba a daɗe da suna ba, nononta kuma ya soma ƙafewa. Yaron ya daina kuka mai ƙarfi, sai ya buɗe baki kawai. Abin da ke gabana ɗaya ne: uwar ta sami abin da za ta ci ya zama nono, har gero ya kai tumu.

Yamma da mu akwai wani babban tafki da ba ya ƙafewa. Daga kan tudu kana hango fararen furannin bado can tsakiya, kowa kuma ya san ana cin saiwarsa da 'ya'yansa. Na bakin gaɓa mata sun tone shi tun da wuri. Na tsakiya ba mai zuwa, an ce tafkin da masu shi. Wani maƙwabcinmu ya gwada shiga da jakinsa. Ya zaɓi inda ciyawa ta fi kore da laushi, kamar yadda kowane manomin tudu zai yi, don a wurinmu inda ciyawa ta yi kyau, nan ƙasa take da kyau. Da ƙyar aka jawo shi da gora. Jakinsa yana can har yau.

Wata safiya Inna ta ɗaga murya daga gindin rumbu. "A ce wa wancan ya kai ni tafki."

Na ce, "Inna, mi za ki yi a tafki, ba ido?"

"Ido ne ya ci jakin mutane. A ce mashi ya goya ni." Ta lalubo ƙafar jaririn a cinyar matata ta girgiza. "Mijin nan nawa ko kukan neman tuwo ba ya iyawa. In na bar shi ya tahi, wa zai aure ni da tsufana?"

Ban goya ta ran nan ba, kashegari ma haka. Kunya nake ji, ɗan fari da uwarsa a baya, gari na kallo. Sai da matata ta kama hannuna ta ɗora a kan yaron, na ji maɗigarsa ta faɗa kamar an danna da yatsa, sannan na durƙusa gaban Inna na ba ta baya. Matata ta ɗaure mu da zane. Na ɗaura wa masaki, babbar ƙwaryarmu, igiya na riƙe a hannu.

A bakin rijiya muka gamu da ɗan gwaggona, abokin wasana. Ya ajiye guga ya riƙe baki. "A'a! Yaushe ka haihu ba ka gaya mana ba? Jaririyar har da furfura!"

Inna ta ce, "Ka zo barka hannu rabbana, marowaci, irin gidanku."

Da muka kai gaɓa ta ce, "Tsaya. Tsinko mini abin da ke gabanka, kai." Wannan kalma ta kai, ita ce ta farko da na tuna ta faɗa mini kai tsaye, ba ta bi ta bango ba. Numfashinta na bayan kunnena. Na tsinko wani ganye mai yaɗo na miƙa ta kafaɗa.

"Duman rafi. Ba ya gaya maka komai, sai dai ka hana akuya. Gaba."

Na ce, "Inna, ba ki taɓa shiga tafkin nan ba."

"Ban san tafkin ba, na san masu zama cikinsa. Kowace da zurfin da take so, ba ta saɓawa."

Haka muka shiga. Ina tsinkowa, tana murzawa tana sunsunawa, wani lokaci ta sa a harshe. Wata ciyawa mai kaifin gefe da ke yin dunƙule, ta ce jema ce, ƙasarta yumɓu mai tauri, in taka gindinta ba tsoro. Da ruwa ya kai ƙwauri sai ga wani kara siriri mara ganye. Ta kama yatsuna ta ja su a jikinsa, na ji gaɓoɓi a ɓoye ciki. "Kajiji. Tumɓuke ka ji ƙanshi." Ƙanshin ɗakinta ne, wanda na sani tun ina rarrafe, ban taɓa tambayar daga ina yake ba. Bayan kajiji sai kacala, doguwa ta fi mutum, ganyenta faffaɗa mai taushi, kanta kamar zangarniyar gero. Laka a nan ta kai cinya, amma ta ce in laluba da ƙafa, saiwoyin sun saƙu a ƙasa, su za su ɗauke ni. Wani ganye da ke yawo a saman ruwa, ta jefar da shi. "Kainuwa. Ba ta da gindi, iska ke kai ta. Kar ka tambaye ta hanya."

Da muka fito daga duhun kacala sai na ga fili, kore shar, shimfiɗe kamar an share shi, ya miƙe har wurin badon. Zuciyata ta yi sanyi. Na ɗaga ƙafa.

"Tsinko."

"Inna, ai tudu ne, ina gani."

"Tsinko, na ce."

Na ja, karan ya biyo ni, dogo, ya ƙi ƙarewa. Ta karya ta tauna. Na ji hannuwanta sun matse wuyana.

"Burugu. Zaƙi gare shi kamar takanɗa. Kwance yake bisa ruwa, ƙarƙashinsa ba ƙasa. Koma hagu."

Muka daɗe muna bin gefen kacala. Can ta ce, ba da ni take ba sosai, "Ina da ƙanwa. Zaƙin ta bi. Ina riƙe da ƙwaryarta. Ciyawar ta buɗe ta rufe, ko kumfa ban gani ba." Tun daga nan, duk lokacin da muka wuce gefen burugun, ba na son duban sa. Lafiya lau yake, ba iska, sai ka ga wani wuri ya ɗan motsa.

Ta ce in duba ko akwai itace tsaye cikin ruwa. Akwai, guda, mai ƙananan 'ya'ya kamar ƙwallo. Ta ce giyayya ce, inda take akwai ɗan tudu. Nan na kwance ta na zaunar a kan reshe. Daga gindin itacen badon ya fara, ganyensa kamar faifai, ruwa iya ƙirji. Tana daga sama tana koya mini: in bi jijiyar ganyen da ɗan yatsan ƙafa har ƙasa, in karkaɗa dunƙulen, ya taso da kansa. Masaki ya cika kafin rana ta take.

Matata ta dafa saiwar, ta shanya 'ya'yan ta daka ta dama kunu. Ba daɗi, yana da ɗanɗanon laka. Amma bayan 'yan kwanaki yaron ya tsala kukan da ya sa Inna ta ce, "Madalla, maigida ya dawo da faɗansa."

Muka riƙa zuwa. Ɗan gwaggona ya daina tsiya ya bi bayanmu da tasa ƙwaryar, yana taka inda na taka. A hanya Inna na ta zuba, ta gaya mini wadda ake saƙa asabari da ita, wadda ake ƙonawa a tace toka, wadda ake yin alƙalami. Wasu na riƙe, da yawa sun zube. Na kuma lura goyon yana ƙara sauƙi. Na yi murna, na ɗauka ƙarfi ne ke dawo mini. Sai daga baya matata ta gaya mini cewa tsohuwar takan taɓa nata kason kaɗan, ta tura mata sauran, ta ce in ta faɗa mini ba ta yafe ba. Ni da nake ɗauke da ita, ni ya kamata in fara sani.

Ruwan farko ya kama mu a hanyar dawowa. Inna ta jiƙe, ta kwanta da tari da zazzaɓi. Aka yi shuka, tafasa ta fito, amma ganye kaɗai ba ya riƙe mai shayarwa. Kurkunu ya kwantar da ɗan gwaggona. Badon gida ya ƙare, nono ya sake ja baya. Dole na tafi ni kaɗai.

Tafkin ya canza. Ruwa ya hau, komai ya yi kore iri ɗaya, inda nake gane sawuna duk ya nutse. Na shiga kacala na rasa gabas da yamma. Na ɗaga kai, ba giyayya. Na yi ta kutsawa har na ga haske, na ga fili a gabana, raina ya ce ai gaɓa ce, ka fita. Bayana ba kowa, amma zanen da ba na ɗaure da shi nake ji a ƙirjina. Na tsaya. Na rufe ido, don da hannu aka koya mini, ba da ido ba. Na miƙa hannu na ja. Karan ya biyo ni. Na sa a baki, zaƙi.

Ban buɗe ido ba. Na koma hagu, ina laluben ganye mai taushi, ina taka saiwa, har goshina ya bugi reshe.

Da na dawo da masaki a kai, matata ta tare ni a zaure, fuskarta wani iri. Ta ce tun fitata Inna ke magana, idonta a rufe. Wai Inna da jema ta fara. Ta ce kajiji. Ta daɗe a kacala tana juya kai. Can ta yunƙura ta zauna, ita da ba ta iya ɗaga kofi, ta daka tsawa, "Hagu, kai! Hagu!" har yaron ya firgita. Sannan ta ce giyayya, ta kwanta ta yi barci.

Na kai wa malamin unguwarmu maganar. Ya ce zafin zazzaɓi ne, sunayen kuma dama a bakinta suke, in yi mata addu'a in bar bincike. Na karɓa. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, allo kaɗan da ajin yaƙi da jahilci, ba ni da abin da zan ƙara a kan nasa.

Na ci gaba da zuwa ni kaɗai. Inna ba ta sake tashi ba. Da na shiga gaishe ta ta koma yadda muka saba, ta juya wa bango ta ce, "A ce wa wancan ya cire matsattsaku kafin ya shigo mini ɗaki." Ta rasu gero na fid da kai, ba ta ci tumu ba. Matata ta sa kajijin da na tumɓuko a turaren likkafaninta.

Yaron ya rayu. Ranar da aka gasa tumun farko yana bayan uwarsa, yana miƙa hannu yana ihu. Yau shi ke riƙe da gidan, yana da jikoki. An daɗe da yanke gefen tafkin an dasa rake, jema da kajiji sun ja baya, ƙananan yara ba su san sunansu ba. Burugun tsakiya dai yana nan. Na taɓa kai ɗan nawa wurin, na sa masa karan a hannu na ce ya tauna, ya gaya wa 'ya'yansa. Ya ce to, Baba. Yana ta kallona, don na sunkuya ina tafiya hannuwana biyu a baya kamar mai goyo, ban sani ba.