Sai Godiya, In Ji Inna Mai Faci

Shekara ashirin da shida Inna Mai Faci ta yi a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, bayan tashar mota, ita da keken ɗinkinta. Ba ta taɓa ɗinka sabuwar riga ba. Wandon kwandasta da ya yage, zif ɗin jakar makaranta, wuyan rigar lebura, su ne kasuwarta. Da wannan keke ta yi jinyar mijinta har ya rasu, da shi kuma take riƙe da jikoki uku da 'yarta ta mutu ta bari.

Lokacin da na san ta, keken ya gaji. Yana tsallake ɗinki, yana tsinka zare, masu kawo faci sun fara wucewa gaba.

Mu ɗaliban jami'a ne, an turo mu unguwar mu koyi aiki da hannunmu. Wata ƙungiya za ta ba mutum ashirin kayan sana'a, mu ne za mu tantance mabukata. An ba mu takarda mai akwatuna uku: bukata mai tsanani, matsakaiciya, ba bukata. Ni aka haɗa da Inna. Na je da biro biyu da girman kai kamar ni na ƙirƙiro boko.

Da ta ji baƙi na tafe, sai ta ɗauro zaninta na fita unguwa, ta share wurin tas, ta saya mini lemon kwalba mai sanyi. Na tambaye ta yaya kasuwa.

"Sai godiya, 'yata."

Na tambaya ko yara na samun abinci, ta ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abin ci. Na tambayi lafiyar keke, ta shafa kansa, ta ce tsufa ne kawai, irin nata.

Na dubi zani, na dubi lemo, na sa alama a akwati na uku. Da Hausa aka raine ni, na sha jin kakata tana cewa "da sauƙi" alhali ko tashi ba ta iyawa. Amma da takarda ta shiga hannuna sai na zama baƙuwa a yaren uwata. Maƙwabcinta mai gyaran rediyo, wanda ya yi ta rantse-rantse yana matse ido, shi aka ba janareta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ba shi nake jin haushi ba.

Bayan wata biyar aka aike ni in kai mata takardar shaidar cewa ta shiga tantancewar, mai zanen zinare a gefe. Na tarar da mai cajin waya a ƙarƙashin matakalar. Ya ce keken ya tsaya cak, 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, sun auna shi a sikeli sun tafi da shi.

A bayan wani gidan abinci na same ta, tsugune gaban bahon wanke-wanke, yatsunta sun yi fari fat da sabulu. Na kasa miƙa mata takardar, na ɓoye ta a bayana. Ita ta fara gane ni. Ta goge hannu, ta tambaya ko na ci jarrabawar da aka turo ni dominta.

Na ce na ci, har na fi kowa maki.

"To madalla," in ji ta. "Ashe dai wahalarki ba ta tashi a banza ba."