Na Tura Duka Don Ina Zaton Ƙanina Zai Ji Kunyata

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni injiniya ne a wani kamfanin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a Dubai, ina da albashina, ina da girmana a tsakanin 'yan gida, kuma ina ganin duk wanda bai yi boko ba a bayana yake. Matata tana Kano da tsohon ciki, haihuwarmu ta fari. Na yi mata alkawarin da ni za a yi suna, na ware kuɗin tikitin jirgi na ajiye, hutu ma an ba ni.

Akwai wani gida a unguwar Al Khabaisi da ake taruwa ranar Asabar da rana, a ja labule a buga karta irin wadda ake kira foka. Wani ɗan Zango daga Ghana ne mai ɗakin, shi ke rabo, shi ke dafa shayi, kuma shi kaɗai ne ba ya taɓa asara. Sauran kuwa 'yan gayu ne masu turare, kowa da baƙin tabarau a cikin ɗaki kamar makafi. In ka ce caca suke yi sai su ɓata rai, wai wasan ƙwaƙwalwa ne. Ni da nake musu kallon sakarkaru, ni ne na fi su sakarci, don na yarda zan cinye su da lissafi. Tsarin kuwa mai sauƙi ne. Mutum tara a tebur ɗaya, kowa ya biya kuɗin shiga a ba shi 'yan robobi a madadin kuɗi daidai da na kowa, wanda nasa suka ƙare ya tashi. Uku na ƙarshe ne kawai ke samun wani abu. Ran nan aka ɗaga kuɗin shiga, ni kuma na ɗauko kuɗin tikitina, wai zan ninka in je wa mai jego da kaya na gani na faɗa.

A teburin akwai wani saurayi ɗan unguwarmu ta Kano. Ni na tarbe shi a filin jirgi da ya zo, a ɗakina ya kwana har ya sami aiki, ko sunana ba ya iya faɗa sai Yaya. In na shigo sai ya miƙe ya ba ni kujera. Wasa ya yi nisa muka rage mu huɗu: ni, da shi, da wasu biyu. Saura mutum ɗaya ya faɗi, kuma ko na uku na zo tikitina ya dawo. Sai dai robobina sun kusa ƙarewa, ga zubin dole da ake yi kowane zagaye yana ta cin su kamar gara. Wanda ya rage da kaɗan ba shi da wani wayo, ko dai ya tura duka gaba ɗaya ya jira ƙaddara, ko ya jefar da katinsa ya ci gaba da ramewa. Amma akwai ɗaya daga cikin biyun nan da ya fi ni tsiya, zagaye ɗaya ko biyu zubin dole zai gama da shi. Abin da ya kamace ni kawai in naɗe hannu in jira.

Sai aka raba, biyun suka jefar, ya rage daga ni sai ƙanin nawa, shi kuwa robobi tuli a gabansa. Katina ba na kirki ba ne, tara da huɗu. Na dube shi, na yi gyaran murya irin ta manya, na tura komai tsakiyar tebur. Lissafina kaf, ni mai digiri, shi ne yaron da ya ci tuwo a ɗakina ba zai iya fitar da ni a gaban mutane ba. Zai ji kunya ya janye, in kwashe zubin in ƙara numfashi. A gida haka ake yi, ƙarami ba ya ja da babba ko da gaskiyarsa.

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya leƙa katinsa, ya ce in yi haƙuri, ya amsa, ya tura daidai da nawa. Sarki da goma gare shi. Aka buɗe katunan tsakiyar tebur da kowa ke haɗawa da nasa, babu abin da ya zo mini, ɗan Zangon ya ce khalas, wato shi ke nan, ya share robobina zuwa gaban ƙanin nawa. Wancan matsiyacin da ya kusa faɗuwa har da tafi, don na ba shi na uku a banza. Da na miƙe, ƙanin nawa ya biyo ni bakin ƙofa yana sunkuyar da kai, ya ce ai a tebur babu yaya, lissafi ne ya ce ya amsa, wai ko zan karɓi kuɗin tasi. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na tsane shi a ranar, amma ko a lokacin na san bai cuce ni ba. Ni ne na kai zumunci kasuwar da ba a sayensa.

Matata ta haihu mace. Na ce mata matsalar biza ce ta riƙe ni, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, har tana ba ni haƙuri. A waya na kalli sunan, ina zaune a gefen katifa, wana yana karɓar barka a madadina. Sai bayan shekara na samu zuwa gida. Na durƙusa na miƙa wa 'yata hannu, ta dube ni ta fasa kuka, ta ruga ta ɓuya a bayan wana.

Don haka 'yan'uwana da ke ci-rani, duk wanda ya ce muku wannan wasan basira ne, ku tambaye shi me ya sa ake jan labule. Masu zama a wurin ba abokanka ba ne, jira suke ka raunana su gama da kai, kuma wanda ya fi saninka shi ya fi sanin lokacin da ba ka da komai a hannu. Ban sake komawa ba. Yarinyar yanzu ta saba da ni, amma har yau uwarta ba ta san abin da ya hana ni zuwa ba, kuma duk ranar da ta yabe ni a gaban mutane sai in rasa inda zan sa idona.